Teku Ba Kogi Ba Ne: Yini Guda a Tarkwa Bay



Akwai wani dattijo da na sani a kasuwar Mile 12 ta Legas, dillalin tumatir da tattasai. Ya haura shekara 20 a garin. Babu tashar da bai sani ba tun daga Agege har Obalende, Yarbanci kuwa a bakinsa kamar a can aka yanke masa cibi. Rannan muna hira sai na tambaye shi, "Alhaji, yaushe rabonka da bakin teku?" Ya ce, "Malam, ai kullum ina ganinsa in mun hau doguwar gada." Na ce masa wannan ruwan da ke ƙarƙashin gada tafkin Legas ne, ruwa ne kwantacce da ƙasa ta kewaye, teku yana can gaba. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ashe ban taɓa ganinsa ba ke nan."

Wannan magana ta Alhaji ita ta sa na zaɓi batunmu na yau. Irinsa suna da yawa a Idi-Araba da Agege da Alaba Rago. Mutum ya baro Katsina ko Maraɗi, ya yi tafiyar kilomita 1,000 ko fiye, ya zauna shekara da shekaru a gefen ɗaya daga cikin manyan halittun Ubangiji, amma bai taɓa ware yini guda ya je ya tsaya a gabansa ba. Ban ga laifin kowa ba, neman abinci ne ya kawo mu, kuma Ikko ba ta barin mutum ya numfasa. Amma ina ganin asara ce, kuma asarar tana ƙaruwa, domin wuraren da talaka zai iya tsayawa ya kalli teku a Legas raguwa suke yi kowace shekara.

Bari in ɗauke ku zuwa wani wuri da na je da iyalina, ana kiransa Tarkwa Bay. Mota ba ta zuwa. Sai dai ka hau jirgin ruwa mai inji daga Marina ko daga tsibirin Biktoriya, tafiyar da ba ta cika wuce minti 20 ba. Kafin jirgi ya tashi za a miƙo maka rigar kariya ta shiga ruwa. Ka karɓa, ka saka, ka ɗaure igiyoyinta, ka duba ta yara da hannunka. In aka ce babu, ka sauka ka jira wani jirgin. Mu 'yan Arewa ba ma bukatar a yi mana dogon wa'azi a kan wannan, don ba mu manta da jirgin 'yan biki da ya kife a yankin Patigi a 2023 ba, inda mutum fiye da 100 suka rasu.

Tafiyar kanta abin kallo ce. Za ka bi ta hanyar da manyan jiragen dakon kaya ke bi su shiga Apapa. In ɗaya ya gifta kusa da ku, sai ka ɗaga kai sama kamar mai kallon bene, kwantenoni jibge a kansa launi-launi, jirginku kuma ya dinga rawa a kan igiyar ruwan da ya tayar. Yaran da nake tare da su ba su ce uffan ba sai da ya wuce. Can gaba za ka hango wasu dogayen katangu na manyan duwatsu sun miƙe cikin teku, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, mashigar jirage na tsakaninsu. Ku riƙe zancen katangun nan, domin labarin bakin tekun Legas gaba ɗaya a jikinsu yake rataye.

A da can, manyan jirage ba sa iya shiga Legas. Akwai tudun yashi da ya tare bakin mashigar, don haka sai jirgi ya tsaya a waje, a kwashe mutane da kaya a ƙananan jirage a tsallaka da su, wani lokaci a yi hasarar rai. Turawan mulkin mallaka suka fara jibge duwatsu tun wajen 1908, suka gina katangun nan don su tsare yashi, sannan suka yashe hanyar. A daidai wannan zamani ne kuma layin dogo ya isa Kano, a 1911. Ka ga ashe abubuwan biyu aiki ɗaya ne. Dalar gyadar da muke alfahari da ita, da audugar Funtuwa da Gusau, da fatu da ƙiraga, mafi yawansu ta tsakanin waɗannan duwatsu suka fice zuwa Turai. Da na tsaya ina kallonsu sai na ji wurin ba baƙona ba ne, gumin kakannina ya bi ta nan.

To amma teku yana da nasa lissafin. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, sannu a hankali, dare da rana. Da katanga ta tare hanya, sai yashi ya dinga taruwa a gefen yamma. Shi ya sa a ɓangaren Tarkwa Bay za ka ga fili fetal na rairayi, ga tsohuwar hasumiyar fitilar da ke yi wa jirage jagora tun ƙarshen ƙarni na 19 tana tsaye. Gefen gabas kuwa aka hana shi abincinsa. Ruwa na kwashe masa yashi, babu mai mayar masa. Wannan gefen shi ne Bar Beach, wurin da duk wanda ya san Legas ta da zai gaya maka nan ne dandalin kowa da kowa. A da nan ake zuwa yawon Sallah da na Kirsimeti, nan masu addu'a ke kwana, nan ma gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a farkon shekarun 1970. Teku ya yi ta cin wurin har ya kai ga yana tsallakowa ya malale titin Ahmadu Bello, ya shiga ofisoshin da ke bakin titin. Daga wajen 2008 aka fara cike wurin da yashin da aka haƙo daga cikin teku, aka yi masa doguwar katanga, aka fara gina sabon birni mai suna Eko Atlantic. An yi maganin ambaliya a wannan titi, gaskiya ne. Amma Bar Beach da talaka ke zuwa da ƙafarsa ya tafi ke nan.

Mu koma inda muka sauka. Abin da ya bambanta Tarkwa Bay da sauran wurare shi ne katangar nan ta yi masa garkuwa, ruwansa ya fi na waje lafawa. Jirgi zai ajiye ka, ka ɗan taka kaɗan, sai ga teku a gabanka. Abu na farko da zai fara kama ka ƙara ce, wani irin ruri da ba ya yankewa, kamar hadari yana gangami daga nesa. Sai iska mai ɗanɗanon gishiri a leɓe. Sannan ido ya nemi ɗaya gaɓar ya rasa. Mu da muka tashi a bakin Kogin Kaduna ko Gulbin Rima ko madatsar Tiga mun saba in ka ga ruwa, ka ga ƙarshensa, ka hango masu wanki a tsallake. Nan babu tsallake. Ruwa ne har inda ya haɗe da sama, in ban da jiragen da suka yi layi can nesa suna jiran a ba su izinin shiga. 'Yata ƙarama ta riƙe mini hannu ta ce, "Baba, waye ya zuba shi?" Ban taɓa samun ƙofar yi wa yaro bayanin girman Allah cikin sauƙi irin ta ranar ba.

In ka zauna ka natsu, sai ƙananan abubuwa su fara bayyana. Akwai wasu ƙaguwa masu launin yashi, ba ka ganinsu sai sun motsa, su sheƙa a karkace su faɗa rami. Akwai ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke bin ruwa in ya janye su tsinci abinci, su juyo da gudu in ya dawo. Da yawa daga cikinsu baƙi ne, daga Turai suke zuwa su yi hunturu a nan su koma. Ga balbela, ita dai ko'ina ka je tana nan. A bayan fili ga itatuwan kwakwa. A gefen tafki kuma, in jirgi ya bi da kai ta lungu, za ka ga wasu itatuwa da ke tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaitsaye a waje kamar yatsu. A ƙarƙashinsu kifi da jatan lande ke hayayyafa, kuma su ne ke riƙe ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Har kunkurun teku yakan fito da dare a wasu gaɓoɓin Legas ya haƙa rami ya binne ƙwai. In Allah ya sa ka ci karo da shi, ka bar shi ya yi abin da ya kawo shi, domin irinsa ƙarewa yake yi a duniya.

Na ga samarin wurin suna hawa wani allo mai tsawo, su kwanta a kai su shiga ciki, in raƙumin ruwa ya taso su miƙe tsaye ya ɗauko su har gaɓa. Na ga masunta sun jeru suna jan taru da igiya, suna ja suna amsa wa juna. Yara kuwa babu abin da ya kai musu gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi daɗi, irin gidan kara da muke yi muna yara, ruwa ya zo ya share su sake.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku sosai, musamman matasa. Teku ba kogi ba ne. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a gulbi kada ya ɗauka ya iya a nan. A kogi ruwa hanya ɗaya yake bi, ka san inda ya nufa. A teku yana zuwa ne yana komawa, kuma komawar ita ce mai kisa. Ga yadda abin yake. Igiyoyin ruwa suna ta tara ruwa a bakin gaɓa, dole ruwan nan ya nemi hanyar komawa. Sai ya sami wata 'yar kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙasa, ko ya bi gefen duwatsu, ya kwarara ciki da ƙarfi kamar an buɗe bakin lambatu. Abin tsoron shi ne daga waje wurin ya fi ko'ina kama da wurin lafiya. Babu kumfa sosai, babu manyan igiyoyi, ruwan ya ɗan yi duhu ya kwanta. Baƙo yana zuwa can zai nufa, ya ce nan ya fi sauƙi.

In ya ɗauke ka, ba ƙasa yake danna ka ba, ciki yake yi da kai. Abin da ke halaka mutane shi ne firgita da kokawa, mutum ya juyo yana iyo yana neman gaɓa kai tsaye, ruwa na mayar da shi, har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙarfin wannan ruwa yakan fi na gwanin iyo. Amma ba shi da faɗi. Don haka ka bar ja da shi, ka yi iyo a kaikaice, ka bi tsawon gaɓa dama ko hagu har ka fita daga bakinsa, sannan ka nufo tudu. In ka gaji ka kwanta rigingine a kan ruwa, ka ɗaga hannu ka yi kira. Kai kuma da ke tudu, in ka ga ɗan'uwanka a wannan hali, kada zuciya ta ɗebe ka ka faɗa. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. Ka yi kururuwa ka kira masu ceto ko masuntan wurin, ka jefa masa abin da ba ya nitsewa, ko da jarka ce mai murfi. Wanda bai iya iyo ba kuwa, ruwa ya tsaya masa a gwiwa, kuma kada ya juya wa teku baya. Kafin ma ka jiƙa ƙafa, ka tambayi 'yan wurin ina ne ake shiga, ina ne ba a shiga. Su ne suka san halinsa.

Akwai kuma cika da janyewa. Sau biyu a kwana guda ruwa yana hawowa yana sauka, kuma wata ne ke jansa. Lokacin yana ja baya da kusan minti 50 kowace rana, kamar yadda fitowar wata ke jinkirtawa. Ya fi cika a farkon wata da kuma daren sha huɗu. Mu da muke lissafi da wata, wannan ba zai ba mu wuya ba. Ku lura, Ƙaramar Sallah ranar 1 ga Shawwal take faɗawa, wato daidai kwanakin da ruwa ke cika sosai, kuma a ranakun ne jama'a suka fi tururuwa zuwa bakin teku. Inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi, da la'asar yana iya zama cikin ruwa. A Legas hawan bai cika wuce mita ɗaya ba, amma mita ɗaya ta isa ta ɗauki yaro. Haka nan a tsakiyar damina teku ya fi fushi, da hunturu ya fi kwanciya.

Na san abin da ke ran wasu tun da na fara magana. Za su ce, "Malam, wurin nan fa akwai tsiraici, akwai kiɗa, akwai shaye-shaye." Akwai, ba zan ɓoye muku ba, musamman yammacin Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Amma wanda ya je da safe a tsakiyar mako zai tarar da wurin kusan shi kaɗai, daga shi sai masunta da tsuntsaye. Babu wanda ya ce sai ka tuɓe. Uwargida ta je da hijabinta, ta taka ruwa, ta dawo ta zauna a rumfa, babu wanda ya kalle ta sau biyu. Muka tafi da dambunmu da ruwan sha mai yawa, don ruwan teku ba ya shayuwa, a kowace lita akwai gishiri wajen giram 35, in ka sha ƙishi zai ƙara maka. Amma yana alwala, malamanmu sun tabbatar mai tsarki ne mai tsarkakewa. Da azahar ta yi muka yi alwala da shi, muka fuskanci gabas muka ɗan karkata arewa, muka yi sallah a kan rairayi. Na daɗe ban yi sallar da na ji ƙanƙantar kaina irin wannan ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne shara. Inda ruwa ya tsaya da dare ya bar layi guda na ledar ruwa da robobin lemo da takalma da fararen robobin zuba abinci. Yawancinsu ba a wurin aka yar da su ba, daga magudanan cikin gari suka bi tafki suka fito. Gwamnatin Legas ta haramta waɗannan fararen robobin a farkon 2024, kuma ta kyauta. Sai dai doka ba ta tsince leda. Kunkurun da na ambata yakan ɗauki leda a matsayin abinci ya haɗiye ta, ta toshe masa ciki. Duk wanda ya je, ya tafi da buhu ya dawo da shararsa.

Sai babbar damuwata, wadda na fara da ita. Najeriya tana da gaɓar teku ta kilomita fiye da 850, amma a Legas yau kusan duk inda ka nufa sai ka tarar da shinge da ƙofa da mai karɓar kuɗi. Ka biya na shiga, ka biya na rumfa, ka biya na kujera, wani wurin har abincin da ka zo da shi sai ka biya masa. Magidanci mai 'ya'ya biyar da ke tura baro ko gadi, ina zai fara? A Tarkwa Bay ɗin ma, a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna yankin, bisa dalilin yaƙi da masu fasa bututun mai, mutane da yawa suka kwana babu matsuguni. A 2024 kuma aka rushe wani sashe na wuraren shaƙatawa na bakin ruwa a tsibirin Biktoriya don a fitar da babbar hanyar da za ta tashi daga Legas zuwa Kalaba. Ba na ja da gina hanya, ba na ja da tsare dukiyar ƙasa. Tambayata ita ce, a duk wannan tsari, ina aka ware wa talaka? Birnin da ke da mutane miliyoyi ya kamata a ce yana da filin bakin teku na gwamnati, ko da guda biyu ne ko uku, shiga kyauta ko da kuɗi kaɗan, da masu ceto da aka horar ake biyansu albashi, da tuta mai nuna inda ake shiga, da ban-ɗaki, da wurin sallah, da kwandon shara. 

Kuma mu ma muna da abin yi. A wani bakin ruwan na taɓa ganin mai tsire ɗan Arewa, tun safe har dare yana fifita wuta, bayansa na kallon teku, bai juya ba ko sau ɗaya. Mun zama masu hidima a wurin, ba mu zama masu morarsa ba, kuma wanda bai taɓa morar abu ba ba zai buɗe baki ba ranar da aka rufe shi. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, muna da makarantun Islamiyya masu ɗaruruwan yara. Me zai hana sau ɗaya a shekara a yi karo-karo, a ɗauki mota, a sa malamai da iyaye, a kai yaran nan su gani da idonsu? Gani ya kori ji. 'Yan'uwanmu na zangon Nima da Mamobi a Ankara ma ga bakin tekun Labadi nan kusa da su, haka na Kwatano da Lome ga teku kusa da su.

Alhajin Mile 12 dai ya yi mini alkawari in kasuwar tumatir ta lafa zai kwashi jikokinsa su je. Na ce masa ya zaɓi Talata ko Laraba, ya fita da sassafe, ya tabbata kowa ya ɗaura rigar kariya, kuma ya dawo kafin rana ta faɗi, don ba a son tafiyar ruwa da duhu. Kai ma mai saurare, in kana Legas, ko kana da niyyar zuwa sarin kaya, ka ƙara kwana ɗaya a kan lissafinka, ka ɗauki wani yaro ka je da shi, ka riƙe hannunsa da kyau.